Kiran Auta da Sassafe

Shekara biyu ina yi wa Baba magana a kan kitse, tana shiga ta kunnen dama tana fita ta hagu. Auta ya zo hutu, ya faɗi magana ɗaya kansa na kan waya, Baba ya ji. Daga nan abin ya samo asali. Kuma gara in faɗa tun yanzu, kishin ƙanina nake yi, da girmana da 'ya'yana, ban ga abin ɓoyewa ba.

Baba mahauci ne. Ya ajiye wuƙa tun da gwiwa ta fara damun sa, amma bai ajiye cin abin da mahauta ke ware wa kansu ba. Kullum da hantsi zai sauko daga bene, ya wuce ta gaban shagona, ya nufi rumfar tsofaffin abokan sana'arsa. A can za a soya musu hanta da ƙoda da kitsen da ke manne da haƙarƙari, ya ci ya ƙoshi, ya ƙunso saura a takarda. Man ya huda takardar ya ɓata aljihu. Ni ke wankin rigunan, don haka ba labari aka ba ni ba.

Tun da Mama ta rasu yake zaune tare da mu. Shagon ɗinkina yana ƙasa, mu muna sama, ni da baban yara da 'yan matana biyu, sai Baba a ɗakin da tagarsa ke kallon titi. Tela yake ce mini. "Ke Tela, ina shayina?" "Ke Tela, maɓallin nan ya fita." In ka tara duk maganar da ke shiga tsakanina da shi a wuni, ba za ta cika cokali ba.

Ciwon gwiwar ne ya kai mu asibiti, likitar ta ce tunda an zo a duba jini. Da muka koma karɓar sakamako ta dube shi ta ce, "Baba, kitse ya yi yawa a jininka. Shi muke kira kwalastarol."

Baba ya yi dariya har da girgiza kafaɗa. "'Yata, dabbar da na yanka ba ta ƙirguwa. Na ga kitse a ciki, na gan shi a gadon baya, na gan shi ya lulluɓe ƙoda. Ban taɓa ganin sa yana yawo a jini ba."

Likitar ba ta yi fushi ba. Ta ce ba a ganin sa da ido. A hankali yake liƙewa a cikin jijiyoyin jini, yadda maiƙo ke daskarewa a bututun wurin wanke-wanke, hanya tana ƙara matsewa, mutum kuma ba ya jin komai. Ranar da ya toshe jijiyar da ke ciyar da zuciya, ranar ake sani. Ta rubuta masa ƙwayar da zai riƙa sha, ta ce amma ƙwaya ita kaɗai ba ta isa ba. A rage nama mai kitse da kayan ciki da man shanu da soye-soye. A yawaita wake da kifi da ganye da 'ya'yan itace, gyaɗa ma ɗan daidai. Sannan tafiya kullum, da ɗan sauri, har jiki ya yi ɗumi.

Ni na ɗauko maganar, shi ya bar ta a kan kujerar asibiti. Na koma auna mai da cokali. Ina saɓule fatar kaza, ina bin nama da wuƙa ina yanke farin kitse, ina gasa kifi maimakon soyawa, har 'yan matana suka fara cewa gidanmu ya zama asibiti. In na ajiye masa kabeji da karas, sai ya leƙa kwanon ya ture.

"Wannan ai abincin abin da nake yankawa ne."

Ƙwayar kuwa na sha share ta a bayan labule. Na sayo masa farin takalmin tafiya, ya ce shi ba ɗan ƙwallo ba ne, ya tura kwalin ƙarƙashin gado. Na yi lallashi, na yi faɗa, na haɗa shi da baban yara, ko a jikinsa. Wata rana har kuka na yi masa, na ce so yake ya bar mu marayu. Ya ce, "Ke da kika kusa yin jika, wane maraici kuma?"

Sai ga Auta ya zo. Mu biyu kacal Mama ta haifa, na kuwa ba shi shekaru da yawa, don ni na goya shi. Lokacin da aka haife shi Baba ya riga ya yi sanyi. Ni an raine ni da tsawa, shi da dariya. Yana aikin ofis a wani gari mai nisa, sai ya ga dama yake zuwa, in ya zo kuma ƙamshin turarensa ne ke riga shi hawa bene.

Rannan da rana na kawo wake da gasasshen kifi. Baba ya ture kamar kullum. Na buɗe baki ke nan zan fara karatuna, Auta, ko ɗago kai bai yi ba, ya ce, "Haba Baba, ka ci mana. So kake ka mutu ban yi aure ba?"

Baba ya dube shi. Ya jawo kwanon. Ya cinye tas, har yana tambaya ko da saura.

Ina tsaye da ludayi a hannu ina kallon su. Ni na faɗi wannan maganar da hawaye aka mai da ni abin dariya, shi ya faɗe ta yana kallon ƙwallo a waya ta zama magani. Na koma kicin na wanke tukunyar da na riga na wanke.

Kafin ya tafi ya fito da iyafis mai igiya daga jaka, ya jona a wayar Baba, ya saƙala masa a kunne. "Kullum da safe zan kira ka. Kana tafiya muna hira, ba za ka san ka yi nisa ba. Ina takalmin da Yaya ta ce ta saya maka?" Da kansa Baba ya durƙusa, da gwiwar tasa mai ciwo, ya jawo kwalin.

Tun daga lokacin, gari na fara haske wayar za ta yi ƙara a ɗakinsa. Sai in ji ƙofa, sai takun farin takalmi a matakala. Ina leƙen sa ta tagar kicin. Zai bi gefen titi, ya wuce gidan burodi, ya karya kwana wajen tankin ruwa, bakinsa na motsi, hannayensa na sama kamar mai raba faɗa. Wani lokaci ya tsaya cak a bakin hanya yana dariya shi kaɗai. Na rayu da mutumin nan tun da na buɗe ido a duniya, ban san yana da magana haka a cikinsa ba.

Ya daina zuwa rumfa. Ƙwaya kuwa shi ke tambayar ta. Wake, kifi, ganye, duk abin da na ajiye sai ya ci, amma da sharhi: "Auta ya ce wannan yana wanke jini." Auta da bai san kalar tukunyar wake ba. Ni ke jiƙa shi, ni ke tsince shi, ni ke hawa bene da kofin ruwa da ƙwaya a tafin hannu. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Bayan 'yan watanni wandunansa suka fara zamewa. Ya sauko shago da su a kafaɗa, lokacin ina da mata uku suna jiran awo. Na sa shi ya tsaya, na durƙusa ina kama ƙugun wandon da fil, wasu fil ɗin a bakina. Ɗaya daga cikin matan ta ce, "Baba, ka koma saurayi. Ina tumbin ya tafi?"

"Ɗana ne ya kore shi," in ji Baba, yana buga cikin da tafin hannu. "Auta. Shi ne likitana. Yaron nan yana can wata duniya, amma kullum sai ya tashe ni. Wanda bai haifi irinsa ba bai haihu ba."

Matan suka yi ta sa albarka. Ni ina ƙasa, bakina cike da fil, ko tari ba ni da damar yi. Wallahi sai da na ji kamar in soka masa ɗaya a gefen ciki. Ban soka ba, amma na matse wandon fiye da yadda ya kamata, sai da na sake farke shi da yamma.

Baban yara ya ga ina ta buga murafen tukwane ya ce, "Ke da kike so ya gyara, ga shi ya gyara, kuma kina kumbure-kumbure. Me kike so ne?"

Na ce, "Ina ruwanka."

"Sannu kike so a yi miki? To, sannu."

"Ba taka nake so ba."

Ya ɗauki makullin motarsa ya fita yana murmushi, abin da ya ƙara ƙona mini rai ke nan.

Da muka koma gwaji likitar ta ji daɗi ƙwarai. Ta ce kitsen ya sauka sosai, ta tambayi wa ya yi wannan aiki. Baba ya ce, "Ɗana." Ta ɗan dube ni ta saman gilashinta. Tun a barandar asibiti ya kira Auta yana yi masa albishir, ni ina biye da shi riƙe da jakar magani.

Daga nan kiran ya fara tsallake. Yau a kira, gobe shiru, jibi shiru. Baba zai shirya tsaf, ya ɗaure takalmi, ya sa iyafis, ya zauna a bakin gado da wayar a kan cinya har rana ta shigo ɗakin. Sau ɗaya ya gwada kira da kansa ba a ɗauka ba, bai ƙara ba. Girman kansa ba zai bar shi ya roƙi ɗansa hira ba.

Na ji daɗi. Ba zan yi ƙarya ba, sanyi na ji har cikin raina. Na leƙa ɗakin da shayi na ce, "Ina likitan naka yau?"

"Aiki ya yi masa yawa."

"Uhm. Aiki."

Amma ganin sa zaune da takalmi a ƙafa ba ya fita ya fara damu na. Washegari na sa mayafi na ce, "Baba, tashi in raka ka." A raina na ce ga dama ta samu, yau zan ji abin da ake faɗa wa Auta. Ya tashi. Muka sauka, muka kama hanya. Na jira ya fara magana, shiru. Na ce garin da sanyi-sanyi, ya ce uhm. Na ce ya sha ƙwayar jiya kuwa, ya ce ya sha. Na ce ya rage sauri saboda gwiwa, ya rage. Na ce kuma kar ya rage da yawa, likita ta ce sai jiki ya yi ɗumi. Ko gidan burodi ba mu kai ba ya tsaya.

"Mu koma, Tela. Kina da aiki."

Na biyo shi a baya ina kallon ƙeyarsa. Ba a taɓa kora ta da ladabi irin wannan ba, kuma ta yi mini ciwo fiye da zagi.

Takalmin ya koma kwali. Ba a jima ba na sake ganin tabon mai a aljihun riga. Wannan karon ban ce uffan ba, na ce bari mai kiran ya zo ya hana. Kwanon wake ya riƙa dawowa yadda na kai shi. Wandunan da na matse suka fara kama shi a ƙugu, bai kuwa kawo mini in saki ba.

Wata rana da la'asar ina biye da shi a matakala, ɗauke da bandir ɗin yadi. A tsakiyar hawa ya tsaya, ya kama ƙarfen gefe da hannu ɗaya, ɗayan ya dafe ƙirji. Gumi ya feso masa a goshi. Na ce, "Baba, lafiya?" Ya ce ba komai, wani abu ne ya danne shi, yanzu zai wuce. Na yar da yadin, ya gangara har ƙofar shago, na kira baban yara.

Likitar ta ce Allah Ya taƙaita, zuciyar ba ta buga ba, amma gargaɗi ne, kuma ba kullum ake samun gargaɗi ba. Jijiyar ta matse. Ta ƙara masa magani, ta ce a koma wa wake da kifi da ganye, tafiya ma haka, sai dai a hankali, kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, in ya ji nauyi a ƙirji ya tsaya. Kuma kar ya yi nisa ba tare da wani ya san halin da yake ciki ba. Baba ya ji duka yana kallon bango. Da muka dawo gida ya kwanta, bai tambayi takalmi ba.

Na sauka shago, na rufe ƙofa, na kira Auta. Na wanke shi tas. Na ce ya kunna wuta ya tafi ya bar ni da hayaƙi, ya ɗauki uba ya rataye a waya sannan ya sake shi. Ya bari sai da na gaji.

"Yaya, wallahi ba ki san yadda abin yake ba ne. Ni fa dare nake yi a wurin aiki. Kuma Baba ba hira yake yi ba, zuba yake. Ba ya jiran amsa, ga nauyin kunnen nasa, ga ƙarar motoci. Ni gaishe shi kawai nake yi, in ajiye wayar a kan matashi in koma barci. In ya iso gida ya ce to na iso, ya kashe abinsa. Daga baya ma tashin ne ya gagare ni."

Na zauna a kan kujerar keken ɗinki. "Barci kake yi?"

"Mafi yawa."

"Me yake faɗa maka?"

"Labaran da mana. Kasuwa, mutanen da suka mutu tun ba a haife ni ba. Mama, yawanci. Yadda suka haɗu, kaza da kaza. Ban riƙe ba."

Bai riƙe ba. Ni da na sha zama a bakin ƙofar Baba bayan rasuwar Mama ina cewa ya ba ni labarinta, ya ce abin da ya wuce ya wuce. Ashe yana da shi, ya adana, yana zuba shi a kunnen matashin kai. Da Auta yana kusa da na mare shi, in ya so a raba mu.

Na ce, "Ka ji. Mutumin nan ba zai taka ƙafa ba sai ka kira, in bai taka ba kuma ka san sauran. Kullum zan kira ɗaya wayar taka, wadda ofis suka ba ka, in tashe ka, kai kuma ka kira shi."

"To. Amma Yaya, ko na tashi barci zai sake kwashe ni. In wani abu ya same shi a hanya ba zan ji ba. Sai dai in haɗa mu mu uku a layi ɗaya. Akwai inda za ki danna muryarki ta ɗauke. Ke kina ji, shi ba ya jin ki. Ni ma in ɗauke tawa, kar ya ji minshari."

Na ce, "Wato ni zan yi maka gadin uba a ɓoye, kai ka kwashi ladan."

"To ki faɗa masa gaskiya."

Ya san ba zan faɗa ba. Ranar da Baba ya san matashi yake yi wa magana, ranar zai koma rumfa ya ci kitse har ya ga abin da zai ture wa buzu naɗi. Na ce ya nuna mini inda ake dannawa.

Haka muka koma yi. In tashi, in kira wayar ofis har sai ya ɗauka. Ya kira ni a tasa, ya haɗa da Baba, ya ce, "Ina kwana, Baba, mu tafi," daga nan shi ke nan an gama da shi. Ni kuma ina kicin, iyafis a kunne ɗaya, wayar a kan kanta kusa da gwangwanin gishiri, ina ɗora wake ina sauraro. Na san numfashinsa in hanya ta miƙe, na san yadda yake sauyawa a ɗan tudun da ke kusa da tankin ruwa. In ya yi nauyi sai in tsaya da aiki, hannuna a kan mayafi, har ya daidaita.

Na kuma ji labaran. Na ji na bijimin da ya tsinke ya shiga shagon aski, wanzamin ya fita ta taga da reza a hannu. Na ji na maigidansa na farko da ke gane nauyin rago da ido. Na ji na Mama. "Auta, ka san uwarka? Ta zo sayen nama, na auna mata, sai ta ɗaga sikelin ta leƙa ƙarƙashinsa, wai ko na manna wani abu. A gaban mutane. Na ce wannan ko in aure ta ko in bar kasuwar." Na yi dariya har na toshe baki da hannu, na manta ba a ji na. Sannan na goge ido da gefen zane. Kowane labari da "Auta, ka san" yake farawa.

Jiki ya sake karɓa. Kwano ya koma dawowa wayam, gwajin da aka yi daga baya ya yi kyau, likitar ta ce a ci gaba a haka. Ranar da ta biyo bayan gwajin Baba ya fita da ƙarfinsa, yana ta zuba tun daga matakala. Ina yanka albasa na ji ya sauya murya.

"Yayarka tana ƙoƙari, ba zan ce ba ta yi ba. Amma ba ta iya sauraro ba. Ci wannan, kar ka ci wancan, ka sha, ba ka sha ba, sai ka ce ɗan sanda. Mutum ba zai iya buɗe mata cikinsa ba. Kai ne kawai kake ji na. Da ba don kiran nan naka ba, da tuni na koma rumfa, abin da zai faru ya faru."

Na ajiye wuƙar. Sai ya yi abin da bai taɓa yi ba, ya tsaya yana jiran amsa. Na ji takunsa ya ɗauke, sai ƙarar wata mota da ta wuce.

"Kana ji na, Auta?"

Shiru.

"Auta?"

Wayar tana gabana, wurin dannawar yana haske. Yatsana ya kai kansa. Danna ɗaya, in ce ni ce, Baba, ni ce nake ji tun tuni, ni na san sikelin Mama, ni na san bijimin, ɗan lelen naka yana can yana zubar da yawu a matashi. Maganar tana bakina a shirye, kuma na so faɗin ta fiye da duk abin da na taɓa so. Amma na san mutumin da ke tsaye a bakin titin nan. Zai cire iyafis ɗin ya naɗe, ya juyo gida, ba kuma zai ƙara fita ba.

Na suri wayata na ruga ɗakin 'yan mata, na fizge wayar babbar daga caji, na kira lambar ofis ta Auta. Ta yi ta ƙara. A kunnena Baba yana cewa, "Ko ya katse ne?" Na sake kira ina zagin Auta a raina zagin da ban san na iya ba. Ya ɗauka da muryar barci. Na ce, "Tashi ka amsa, yana kiran ka."

Sai na ji shi a ɗaya layin, muryarsa garau kamar wanda ya daɗe a zaune. "Na'am, Baba. Ina ji. Sabis ne ya ɗan ɗauke."

Baba ya sauke ajiyar zuciya, takunsa ya ci gaba. "Na san kana nan. Allah Ya yi maka albarka, yaron kirki. Yadda ka tsaya mini, Allah Ya ba ka masu tsaya maka. Allah Ya sa ka gama da duniya lafiya." Ya daɗe yana jerowa. Ina tsaye a tsakiyar ɗakin yara da waya a kowane hannu, duk wadda ya faɗa ina cewa amin, ba mai ji na.

Da ya dawo na ajiye masa kwanonsa. Ya zauna yana kwance igiyar takalmi, fuskarsa sai sheƙi take.

"Ke Tela, kin ga yaron nan? Tun da na yi ciwon nan bai taɓa fashi ba."

Na ce, "Haka ne, Baba."

Na koma kicin in ɗauko masa ruwa da ƙwayarsa.